Tsarin Landan a zauren 'yan kulob: inda taku na biyar ke raba gardama

Duk watan Janairu, lokacin da iskar Tekun Arewa ke ratsa ƙashi, wani ɗan ƙauye da ke gaɓar ƙasar Holan mai suna Wijk aan Zee yakan cika da baƙi masu manyan rigunan sanyi. Mazauna ƙauyen ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Daga bakin rairayi ana hango dogayen bututun hayaƙi na masana'antar ƙarfe ta IJmuiden, kuma ita ce sanadin taron. A 1938 ma'aikatanta suka shirya 'yar ƙaramar gasar ces a garin Beverwijk da ke kusa, a lokacin da ƙasar ke cikin zumuɗin wasan saboda ɗanta Max Euwe ya riƙe kambun duniya daga 1935 zuwa 1937. Gasar ta koma Wijk aan Zee a 1968. Sunanta kuwa yana bin sunan masu masana'antar: da Hoogovens ce, ta zama Corus a 2000, ta zama Tata Steel a 2011.

Kyamarori mutum 14 suke kallo, manyan gwanayen duniya da ke fafatawa zagaye 13 a ƙarshen zauren De Moriaan. A nan Garry Kasparov ya ɗauki kofi sau uku a jere daga 1999, Viswanathan Anand sau biyar, Magnus Carlsen sau takwas. Amma zauren ba nasu ba ne su kaɗai. Ɗan shinge ne kawai ya raba su da dogayen layukan tebura inda ɗaruruwan mutane ke zaune biyu-biyu, kowa ya dafe kai: malaman makaranta, 'yan fansho, ma'aikatan ofis da suka ɗauki hutu musamman, da yaran da ƙafarsu ba ta gama taɓa ƙasa ba. Waɗannan su ne 'yan kulob. Shirun da ke kan teburin Carlsen shi ne a kan nasu, kuma zuciyar da ke bugawa a ƙirjinsu ba ta san cewa ba a ɗaukar hotonta ba.

Ana raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, wasu mutum huɗu, wasu mutum goma, kowa ya kara da kowa. Wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa yakan hau aji na gaba baɗi, kuma tsanin a haɗe yake har sama: zakaran rukunin ƙoli na masu sha'awa yana samun kujera a gasar matsakaitan gwanaye, zakaran waccan kuma ya shiga cikin mutum 14. A rufe taro ana shan miyar koren wake mai kauri, al'adar da ta samo asali bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da abinci ya yi wuya a ƙasar.

Wane ne ɗan kulob? Akwai ma'auni. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓi lissafin Arpad Elo a 1970, inda kowane ɗan wasa ke da lamba mai hawa da sauka gwargwadon ci da faɗuwarsa. Carlsen ya kai 2882 a 2014. Galibi ba a zama babban gwani sai an taɓa 2500. Ɗan kulob kuwa yana yawo ne tsakanin 1400 da 2000. Mutum ne da ya san wasan sosai, zai lallasa duk 'yan gidansu ido rufe, ya karanta littafi biyu ko uku, yana zuwa kulob dare ɗaya a mako. Yana da aiki, yana da iyali. Abin da ba shi da shi shi ne lokaci, kuma daga nan labarin buɗin wasa ya faro.

Allon ces gida 64 ne, layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, shi ya sa kowane gida ke da suna irin d4 ko f5. Kowane ɓangare na da sarki, sarauniya, hasumiya biyu, bishof biyu, doki biyu da dakaru takwas, kuma fari ne ke fara taku. Takun goma ko goma sha biyar na farko, wato buɗin wasa, an shafe ƙarnuka ana nazarinsu. Kundin buɗe-buɗen da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya kasa su gida 500, kowanne da rassa da rassan rassa. Wanda ya buɗe da dakaren gaban sarki dole ya shirya wa kariyar Sisiliya, da ta Faransa, da Caro-Kann, da sauransu, kuma a wasu rassan Sisiliya haddar takan wuce taku ashirin kafin mutum ya fara tunani da kansa. Ma'aikacin da ya dawo gida bayan magariba a gajiye, ina zai kai wannan kaya?

Sai ga Tsarin Landan da alkawari mai daɗin ji: ka koyi jeri ɗaya, ka buga shi a gaban kowa. Dakare zuwa d4. Bishof ya fito f4 kafin a rufe masa ƙofa. Dakaru biyu su tsaya e3 da c3 su tokare na tsakiya. Dawakai su hau d2 da f3, ɗaya bishof ɗin ya zauna d3 yana leƙen gidan h7, sarki ya shige lungu. Daga nan sai a dasa doki a e5 a fara lallaɓa sarkin baƙi. Tuwo da miyar kuka ne: ba wanda ke yi masa kirari, amma ba ya kwanar da kai da yunwa.

Tsarin ba sabo ba ne. James Mason, haifaffen Ailan, yana buga shi tun shekarun 1880. Sunan kuwa ya samo shi daga babbar gasar Landan ta 1922 wadda José Raúl Capablanca ya ci, inda manya da dama suka gwada shi. A can Alexander Alekhine ya doke Euwe da shi, shekaru 13 kafin Euwe ya ƙwace masa kambu. Bayan haka ya daɗe ana masa kallon buɗin tsofaffi da ragwaye. Gata Kamsky na cikin 'yan tsirarun manyan da suka riƙe shi da gaske. Sai a Janairun 2016, a cikin wannan zaure na De Moriaan, Carlsen yana zakaran duniya ya fito da bishof f4 a gaban Evgeny Tomashevsky, ya gama da shi a taku 30. Wanda ke buga Landan a ɓoye ya ɗaga kai. Da annobar 2020 ta kulle mutane a gida, miliyoyi suka kwararo wasan ces ta intanet, masu koyarwa a YouTube suka miƙa musu Landan a matsayin gajeriyar hanya. Yau idan ka ratsa layukan 'yan kulob minti biyar bayan an tayar da agogo, za ka ga farin bishof zaune a f4 tebur bayan tebur, ka kuma ga masu baƙi suna sauke numfashin gajiya.

To, mu tsaya a tebur guda. Ba sai an kama suna ba, domin wasan da za a bi yanzu ana maimaita shi a kulob-kulob na duniya duk mako. A ce mai fari dattijo ne da ya shekara da shekaru yana buga Landan, mai baƙi kuma matashi ne da ya san da wa zai kara, tunda a rukunin mutum goma jadawali a bayyane yake tun ranar farko. Sun yi musabaha, an danna agogo.

Fari ya tura d4, baƙi ya tare da d5. Bishof f4, dokin baƙi f6. Fari e3, baƙi ya jefa dakare c5 yana taɓa tsakiya. Fari c3, baƙi ya fito da ɗaya dokin c6. Duk wannan bai ci minti biyu ba. Hannun dattijo ne ke wasa, kansa bai iso ba tukuna. A taku na biyar yana da dawakai biyu da ke jiran fita, kuma a tunaninsa duk wanda ya riga fita daidai ne, tunda ƙarshenta ɗaya zai zauna f3 ɗaya d2. Ya ɗauki na ɓangaren sarki ya ajiye a f3.

Nan take sarauniyar baƙi ta sauka b6. Ga dalili: bishof ɗin da ya yi sammakon fita f4, shi ne mai gadin dakaren b2 a gidansa na asali. Ya tafi yawo ya bar ƙofa. Wannan shi ne raunin Landan na haihuwa, kuma duk mai son yaƙarsa daga nan yake farawa. Fari ya san maganin da aka koya masa: sarauniya b3, su fuskanci juna. Baƙi ya ƙi musaya, ya tura dakare c4 ya kore ta. Idan fari ya ci sarauniyar a b6, dakaren gefe zai rama, hasumiyar baƙi ta sami buɗaɗɗen layi ba tare da ta motsa ba, dakaren b kuma ya kama hanyar b5 da b4. Masu Landan ba sa son wannan. Don haka dattijo ya ja da baya zuwa c2, da niyyar ya fasa shingen baƙi da b3 ko e4 nan gaba.

Sai matashi ya ɗauki bishof ya ajiye a f5, daidai bakin sarauniyar fari, babu mai tsaronsa. Ya danna agogo, ya rubuta takunsa, ya miƙe ya tafi kallon manya.

Wannan shi ne taku na bakwai, kuma a nan ne wasa ya fara. Bishof kyauta, ga shi a fili. A lissafin da kowane ɗan koyo ya sani, dakare maki 1 ne, doki da bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Wanda kwaɗayi ya ja ya ci bishof ɗin, sarauniyarsa ta bar gadin b2, ta baƙi ta faɗa can ta ci dakare, ta tsaya a kan hasumiyar a1. Hasumiyar ba ta da wurin gudu: gabanta dakarenta ne, gefenta kuwa dokin nan ne da aka bari a b1. An ba da bishof, an karɓi hasumiya da dakare, gidan fari na wannan ɓangaren ya rushe. Ko a nan ma akwai gwaji ga mai baƙi. Idan ya yi gaggawar cin hasumiyar, sarauniyar fari takan dawo c2 ta rufe ƙofa, tasa ta maƙale a kusurwa, fitar da ita sai da dabara. Wanda ya yi karatunsa yakan fara tura dakare e6 ya kori sarauniyar fari tun tasa na riƙe da c2, sannan ya ci abinsa a natse.

Yanzu a mayar da wasan baya taku biyu. Da dattijo ya fara fito da ɗaya dokin zuwa d2 a taku na biyar, duk wannan tarko ba ya kamawa. Baƙi ya ba da bishof, fari ya ci, sarauniya ta ci b2, sai hasumiya kawai ta matsa b1, gidan da doki ya bari, ta kore ta. Fari ya tashi da bishof a aljihu. Dawakai biyu ne, gidaje biyu ne, inda za su ƙare ɗaya ne. Wanda ya riga fita kawai ya bambanta, amma bambancin ya kai nasara da faɗuwa. Alkawarin nan na cewa ka jera kayanka ba ruwanka da abin da abokin karawa ke yi, rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ke cika aljihun matasa da maki.

Dattijonmu dai ba yaro ba ne. Ya kalli bishof ɗin, ya san ba a kyauta a wannan zaure. Ya yi minti ashirin yana lissafi, ya gano ƙugiyar, ya ja sarauniya zuwa c1. Bai yi asarar komai ba. Sai dai sarauniyarsa ta yi taku uku ta ƙare a gefen inda ta fito, bishof ɗin baƙi ya sami layin da nasa bishof ke mafarkin hawa, kuma minti ashirin sun tafi. Fifikon fara taku ya narke tun ba a kai taku na goma ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Landan ba ya cizo. Yana cizo, kuma har manya ya taɓa kamawa. A 2014, a wata gasa a garin Sturbridge na jihar Massachusetts a Amurka, Kamsky ya zauna da fari a gaban Sam Shankland, wanda ya zama zakaran Amurka bayan shekara huɗu. Baƙi ya jera kayansa yadda littafi ya ce, ya ɓoye sarki. Fari ya dasa doki a e5, baƙi ya ja nasa dokin d7 don ya ƙalubalance shi, fari ya ci. Da me za a rama, da bishof ko da sarauniya? Kowane malami zai ce da bishof, tunda ka fito da sabon mayaƙi. Haka Shankland ya yi, kuma shi ne kuskuren. Aka yi musayar bishof a d6, fari ya ci c5 ya jawo sarauniyar baƙi can, sai ɗaya bishof ɗin ya faɗa h7 ya ba da ransa, sadaukarwar da aka sani tun zamanin Gioachino Greco, ɗan Italiya na ƙarni na 17. Sarki ya ci, sarauniya ta zo h5 da kashedi, sarki ya koma. Sai doki ya yi tsalle e4, bakin dakaren d5. Dakaren ba ya iya ci, domin shi kaɗai ne labule tsakanin sarauniyoyin biyu a layi na biyar. Ya gusa, sarauniyar baƙi ta tafi. Dokin na kan hanyarsa ta g5, inda zai haɗu da sarauniya su rutsa sarki. Idan kuwa baƙi ya nemi tsira da musayar sarauniyoyi, dokin zai ƙare a kan bishof ɗin nan da aka ajiye a d7. Da da sarauniya aka rama, bishof na gida, babu abin da doki zai tarar. Tun daga lokacin 'yan kulob ke ɗana wannan tarko, kuma har yau yana kamu, saboda duk takun da ke kai mutum cikinsa taku ne mai kama da hankali.

A ganina, masu raina Landan sun yi rashin adalci. Mutumin da ke da awa biyu a mako yana da haƙƙin ya zaɓi buɗin da zai kai shi tsakiyar wasa da ƙafafunsa. Laifin ba na tsarin ba ne, na abin da yake koya wa hannu ne: ya saba da tafiya ba tare da ido ba. Wanda ya yi taku shida bai dubi allon abokin karawarsa ba, da wuya ya farka a na bakwai.

Mu koma tebur. Abin da ke biyo baya ba shi cikin kowane littafi, kuma a nan ake gane ɗan kulob. Babban gwani da ya sami abin da matashin nan ya samu zai matse a hankali, ya tura dakarun ɓangaren sarauniya, ya hana fari numfashi. Matashi kuwa haddarsa ta ƙare a taku na takwas. Ya shirya wa tarko, bai shirya wa abin da za a yi idan tsuntsu ya ƙi shiga ba. Dattijo shi kuma ya dawo ƙasar da ya sani: ya fito da dokin da ya makara, ya nemi korar bishof ɗin f5, ya fasa shingen c4 da b3. Awa biyu, awa uku, kofin gahawa ya huce. A irin waɗannan gasanni akan ba kowa kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu don taku 40 na farko, kuma dole ka rubuta kowane taku a takarda. Abin da ka taɓa da niyya, shi za ka motsa. Waya kuwa haramun ce. A 2003 a Plovdiv ta Bulgeriya, Ruslan Ponomariov yana riƙe da kambun FIDE wayarsa ta yi ƙara, alƙali ya ba abokin karawarsa wasan.

Tsakanin taku na 30 da na 40 ake yanke yawancin hukunci a wannan aji. Agogo ya matso, gajiya ta sauka, wani ya manta cewa doki na tsalle da baya, ko ya bar layin bayan sarkinsa babu mai gadi. Minti ashirin ɗin da dattijo ya kashe a kan bishof na iya dawo masa a nan, yana da taku takwas a gaba da minti biyu a agogo. Haka kuma matashin da ya saba da wasan minti uku a intanet na iya miƙa hannu da sauri a inda ya kamata ya zauna a kansa. Wanda ya ci buɗi ba lallai ya ci wasa ba, kuma ba abin mamaki ba ne bayan awa huɗu a tashi kunnen doki.

Daga nan sai ɗabi'ar da ta fi kowace kyau a wasan. Mutum biyun da suka wuni ba su ce wa juna uffan ba su ɗauki takardunsu su nemi allo a wani shagon shayi na ƙauyen, su sake jera wasan daga farko. 'Yan kallo su kewaye su, hannaye su yi ta shiga allo. Kusan kullum a buɗi ake daɗewa. Mai fari zai ce tun taku na biyar ya lalata wasansa, mai baƙi ya ce shi ne da nasara tun taku na bakwai. Sai wani ya zaro waya ya tambayi Stockfish, manhajar da ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi, ita kuma ba ta san kara ba: ta nuna cewa bayan sarauniya ta koma c1 wasan kusan daidai yake, ainihin ɓarnar can wajen taku na talatin da wani abu aka yi ta, kuma kowannensu ya saki nasara sau ɗaya ko biyu bai sani ba. Ba mai son jin wannan. Kuskuren buɗi ana gyara shi a dare ɗaya da littafi; rashin iya lissafi a cikin matsin agogo kuwa aikin shekaru ne. Shi ya sa kasuwar littattafai da darussan buɗi ba ta taɓa faɗuwa ba.

Dattijo zai gyara takunsa na biyar, kuma ya kamata. Sai dai gyaran na zuwa da nasa kaya. A Afrilun 2023 a birnin Astana, a wasa na shida na neman kambun duniya, Ding Liren na Sin ya buɗe da Landan a gaban Ian Nepomniachtchi. Ya fito da dokin d2 a taku na biyar tun bai taɓa dakaren c ba. A wannan jerin, idan sarauniyar baƙi ta zo b6, fari ba ya gadin b2 sam: yakan ci c5, ya bar ta ta ci dakaren, ya kore ta da hasumiya, ta shiga c3 tsakiyar gidansa, kuma daga nan rassan da aka nazarta suna da tsawo da kaifi, taku ɗaya na kuskure ya isa. Wato wanda ya gudo Landan don ya huta da hadda, ga hadda ta biyo shi har gida. Nepomniachtchi bai shiga wannan reshen ba. Ya yi musayar dakaru a d4, ya fito da bishof f5, ya sallama a taku na 44. Ding ya ɗauki kambun a ƙarshen watan.